Yadda ake zaɓen wa'adin canza lantil ɗin ido ga mazaunin Yamai

Duk wanda likitan ido ya amince masa ya fara sa lantil, wato ɗan faifan nan siriri da ake ɗorawa kai tsaye a kan baƙin ido a maimakon tabarau, tambayar farko da zai tarar a shagon masu tabarau ita ce ta wa'adi: na yini ɗaya yake so, ko na mako biyu, ko na wata guda, ko kuwa mai ɗan tauri wanda yake kai shekara har ya wuce? Yawancin mutane farashin da ke jikin kwali suke dubawa su yanke shawara, alhali kuwa farashi ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ya kamata a auna, kuma a gari irin Yamai, inda ƙurar hunturu da zafin bazara da ɗaukewar ruwan famfo suka zama abin yau da kullum, ba ma shi ne na farko ba. Shawarata ita ce mutum ya ɗauki wa'adi mafi gajarta daga cikin waɗanda ya tabbata zai iya cikawa daidai, ba tare da ƙarancin kuɗi ko ƙarewar kaya sun tilasta masa ƙara ko kwana ɗaya a kai ba.

Dalilin da ya sa aka yanka wa lantil wa'adi

Tantanin da ya rufe baƙin ido, wanda lantil ke zama a kansa, ba shi da jijiyoyin jini, shi ya sa yake garau har haske ke ratsa shi. Mafi yawan iskar oksijin da yake rayuwa da ita daga waje yake samunta, ta cikin ɗan ruwan hawayen da ke shimfiɗe a kansa koyaushe. Da zarar an ɗora lantil, an sa shamaki tsakanin tantanin da iska, sai abin da ya iya ratsa jikin lantil ɗin ko ya zagaya ta gefensa. Ban da wannan, hawaye ba ruwa ba ne zalla. Akwai furotin da maiƙo a cikinsa, kuma kowane yini suna barin ɗan saura a jikin lantil, sannan ƙura da hayaƙin itace da kwalli da hoda su zo su manne a kan wannan sauran. Wanki yana rage dattin amma ba ya kawar da shi duka, kuma abin da ya rage shi ne mazaunin ƙwayoyin cuta, shi ne kuma yake gogar cikin fatar ido ta sama har ta yi ƙuraje ta soma ƙaiƙayi. Wa'adin da kamfani ya rubuta a kwali shi ne iyakar kwanakin da aka ƙera wannan nau'in ya yi aiki a cikinsu.

Tarihin abin ma ya nuna inda aka dosa. Wani masanin sinadarai na ƙasar Cekoslobakiya, Otto Wichterle, shi ne ya ƙera lantil mai laushi a 1961, aka fara sayar da shi a Amurka a 1971, kuma a wancan zamanin mutum yakan riƙe guda biyu tak har shekara yana ta wanki. A 1987 Acuvue ya fito a matsayin wanda ake sawa kwanaki kaɗan a jefar, a tsakiyar shekarun 1990 na yini ɗaya ya shigo kasuwa, a ƙarshensu kuma aka fito da mai haɗin silikon wanda oksijin ke ratsawa fiye da na da nesa ba kusa ba. A tsawon waɗannan shekaru wa'adin raguwa ya yi ta yi, domin likitoci sun lura cewa da yawa daga cikin matsalolin da ake kawo musu daga tsohon lantil da wurin ajiyarsa suke tasowa.

Abubuwa biyu da ake yawan rikitawa

Na farko shi ne ranar da ƙidaya ke farawa. Tana farawa ne daga ranar da aka ɓare ƙunshin lantil ɗin, ko an sa shi kullum ko ba a sa ba. Irin hirar da ake yi a gaban kantar mai tabarau ke nan: mace ta miƙo batta da lantil na wata ɗaya a ciki tana neman ruwan wanki kawai, mai shago ya tambaye ta, "Hajiya, yaushe kika buɗe wannan?" ta ce, "Tun ƙaramar salla, Malam, amma ai wajen biki kaɗai nake sa shi, bai ma yi sawa goma ba." Alhali ana gab da babbar salla, wato ya haura wata biyu a jiƙe. Lamarin kamar na gwangwanin madara ne: da zarar an huda shi kwanakinsa sun fara tafiya, ko an sha ko ba a sha ba. Ranar ƙarewar aiki da aka buga a jikin kwali kuma ta ƙunshin da ba a buɗe ba ce, ba ta da alaƙa da wanda aka riga aka ɓare.

Na biyu shi ne bambancin wa'adin canzawa da izinin kwana da shi a ido. Idan an rubuta kwana 30 a kwali, ma'anarsa a sa da safe, a cire da dare, a wanke, a jefar a rana ta 30. Akwai wasu nau'o'in masu silikon da hukumomi suka amince a kwana da su, wasu har dare 6, wasu har dare 30, amma wannan sai da izinin likita bayan ya duba idon, kuma ko da izinin haɗarin bai gushe ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1989 ya gano cewa cikin masu cire lantil mai laushi da dare, kimanin mutum 4 cikin 10,000 ne ke samun gyambon tantanin ido a shekara, cikin masu kwana da shi kuwa kimanin 21. Wani da aka yi a Ostireliya aka buga a 2008 ya samu kimanin 2 a ɓangaren masu cirewa da kimanin 20 a ɓangaren masu kwana, kuma zuwan mai silikon bai sauko da adadin masu kwanan ba. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana cewa barci da lantil yana ninka haɗarin kamuwa sau 6 zuwa 8. A nan ya kamata mu tuna da barcin rana, wanda a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kusan kowa yake yi bayan azahar. Shi ma barci ne, ido a rufe yake, oksijin kuma ya ragu. Wanda ƙailula ta zame masa jiki, dole ya lissafa cirewa da mayarwa sau biyu a yini cikin shawararsa.

Nau'o'in da kansu

Na yini ɗaya ana ɓare shi da safe, a jefar da shi da dare, babu wanki, babu batta, babu kwalbar ruwan magani. A ganina shi ne ya fi dacewa da yanayinmu, kuma dalilin ba wai ya fi sauran kyawun ƙira ba ne. Dalilin shi ne ya cire matakan da ake yin kuskure a cikinsu. Duk ƙurar da ya kwasa a kan hanyar Wadata zuwa Harobanda a bayan kabu-kabu, da ita za a jefar da shi, gobe kuma sabo fil za a sa. Mai fama da ƙaiƙayin ido na lokaci-lokaci, wanda ya yi yawa a ƙasashen Sahel, yakan fi samun sauƙi da shi saboda abin da ke tayar masa da ƙaiƙayin ba ya kwana a jikin lantil. Haka ma ɗalibin da ke zaune a ɗakin kwanan jami'a inda mutane da yawa ke amfani da wurin wanka ɗaya, da matafiyi, da wanda ba ya sa lantil sai ranar wasan ƙwallo ko ranar biki. Aibinsa biyu ne. Yana da tsada ga mai sawa kullum, sannan tsadar tana jan mutum zuwa ga dabarar da ta fi komai muni, wato ajiye shi a sake sawa gobe. Siriri ne ƙwarai, ba a yi shi don ya jure murza da jiƙo ba, kuma mai sayensa yawanci ba shi da ruwan kashe ƙwayoyin cuta a gida, sai ya jefa shi cikin kofi da ruwan randa ko ya mayar da shi cikin ƙunshin da ya ɓare da safe. Wanda ya san a ransa haka zai yi, gara masa na wata ɗaya wanda zai kula da shi yadda ya kamata.

Na mako biyu, irin su Acuvue Oasys, yana buƙatar duk hidimar da na wata ke buƙata, sai dai ana jefar da shi kafin datti ya taru sosai, saboda haka ya dace da mai idon da ke saurin ɓata lantil. Matsalarsa mantuwa ce, domin kwana 14 ba su da wata alama a kalanda. Maganin wannan shi ne a ɗaure shi da rana ɗaya ta mako, a ce Juma'a ɗaya a canza, ta gaba a tsallake, kuma a sa tunatarwa a salula.

Na wata ɗaya, irin su Biofinity da Air Optix, shi ne ya fi sauƙin kuɗi ga mai sawa kullum, kuma ranar canza shi tana da sauƙin riƙewa idan aka ɗaura ta a ɗaya ga wata ko ranar albashi. Amma arharsa da sharaɗi take, sharaɗin kuwa aiki ne na kowane dare ba fashi. A wanke hannu da sabulu a goge shi ya bushe ƙayau da tawul mai tsabta. A cire lantil a ɗora a tafin hannu, a ɗiga masa ruwan maganinsa, a murza shi a hankali da yatsa na ɗan lokaci, a ɗauraye da wani sabon ruwan maganin, sannan a saka a batta a cika ta da sabo. Da safe, bayan an sa lantil, a zubar da ruwan jiya gaba ɗaya, a ɗauraye battar da ruwan magani, a kife ta a buɗe kan takarda mai tsabta ta bushe. Ƙara sabon ruwa a kan na jiya don tsimi shi ne kuskuren da ya fi yawa, domin na jiyan ƙarfinsa ya riga ya ƙare. Battar kanta ana canza ta aƙalla duk wata 3. Wanda ya daɗe bai canza tasa ba ya shafa cikinta da yatsa mai tsabta: idan ya ji santsi kamar yauƙi, wannan shimfiɗar ƙwayoyin cuta ce da ta kama jikin robar, wadda ruwan magani ba ya iya ratsawa sosai, kuma a cikinta lantil ɗinsa ke kwana kowane dare. Akwai kuma ruwan wanki mai sinadarin feroksayid, wanda yake kashe ƙwayoyin cuta sosai, amma sai lantil ya yi aƙalla sa'a 6 a cikin battarsa ta musamman kafin zafinsa ya mutu, in ba haka ba zai ƙona ido. Wannan bai dace da mai cirewa don ɗan barcin rana ba, sai in yana da tabarau da zai ƙarasa yininsa da su. Ƙananan robobin ruwan gishiri da ake sayarwa a farmasi, waɗanda uwaye ke wanke wa jarirai hanci da ido da su, suna ɗauraya amma ba sa kashe komai, don haka ba a kwanar da lantil a cikinsu.

Mai laushin da ake cewa yana yin wata 3 ko wata 6 ko shekara, ba na ba kowa shawararsa sai wanda lambar idonsa, wato ƙarfin gyaran gani da awo ya nuna, ba a samunta a wani nau'i. Yawancin lantil masu launi da ake sayar wa amare a shagunan kayan kwalliya da ta intanet a wannan rukunin suke, ana sayar da su ba awo, wani lokaci ma ƙawaye su yi aron juna. Lantil mai launi, ko da ba shi da lamba, a kan tantani ɗaya yake zama da mai lamba, kuma haɗarinsu ɗaya ne. Amaryar da ke son canza launin ido ta je a auna ta, ta nemi na yini ɗaya, ta jefar da shi idan an watse.

Saura mai tauri wanda iska ke ratsawa. Wannan yakan yi shekara ɗaya zuwa biyu, wani ma ya fi haka, ba ya tsotse datti kamar mai laushi, kuma shi ne mafi ƙarancin jawo gyambon ido. Ga wanda tantanin idonsa ya tsiro kamar mazurari, ko ya karkace sosai, sau da yawa shi ne kaɗai ke ba da gani mai kyau. Sai dai yana ɗaukar makonni kafin ido ya saba da shi, kuma ƙarami ne yana motsi da kowane ƙyafta ido, ta yadda ƙwayar rairayi ɗaya idan ta shige ƙarƙashinsa sai mutum ya tsaya cak yana hawaye. A watan Janairu a Yamai ko Tawa wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai sa shi ya kamata ya ɗora tabarau masu rufe gefe idan zai fita.

Ruwa

Idan da tambaya ɗaya za a yi wa mutum kafin a zaɓa masa wa'adi, to ita ce: da wane ruwa kake wanke hannu, kuma kana da wurin da za ka zauna ka yi wannan hidima cikin tsabta kowane dare? Dokar ita ce ruwa kowane iri kada ya taɓa lantil ko battarsa, na famfo ne, na rijiya, na ƴan garuwa, na leda, ko na kwalba, balle miyau. Dalili shi ne wata ƙwayar halitta da ake kira Akantamiba, wadda ke zaune a ruwa da ƙasa a ko'ina a duniya. Shan ruwan da take ciki ba ya cutar da mai lafiya, amma idan ta maƙale tsakanin lantil da tantanin ido tana haddasa gyambo mai azabar zafi wanda maganinsa ke ɗaukar watanni, wani lokaci kuma ya ƙare da tabon da ke hana gani. Tana iya dunƙulewa ta yi wa kanta ɓawo, ta yadda sinadarin da ake zuba wa ruwan famfo ba ya kashe ta. Saboda haka ake cire lantil kafin wanka, kuma ba a shiga kogi ko wurin ninƙaya da shi.

Alwala ita ce inda wannan doka ke haɗuwa da rayuwarmu sau da dama a yini. Abin da ake wankewa a fuska ya haɗa da bayan fatar ido, ba cikin idon ba, don haka mai lantil ya rufe idonsa lokacin wanke fuska, kada ya buɗe sai ruwan ya tsane daga gashin ido, kuma kada ya taɓa lantil da jiƙaƙƙen hannu don gyara shi. Duk da wannan taka-tsantsan, ɗigon ruwan buta zai shiga wata rana. Idan na yini ɗaya ne, sai a cire a jefar a ɓare wani, ko a koma tabarau. Idan na wata ne, sai a cire shi a wanke a jiƙa shi cikin ruwan magani na tsawon sa'o'in da aka rubuta a kwalba kafin a mayar. Wanda aikinsa a kasuwa ne ko a kan hanya, inda babu halin yin haka, wannan kaɗai ya isa ya karkata shi zuwa na yini ɗaya. A ƙara da cewa hannun da ya taɓa yaji ko tonka ko man zafi, sabulu sau ɗaya ba ya isarsa.

Lissafin shekara

Kada a kwatanta kwali da kwali, a kwatanta shekara da shekara. Mai sa na yini ɗaya kullum a ido biyu yana buƙatar guda 730 a shekara, wato kwali 25 masu guda 30. Na mako biyu guda 52 ne, na wata kuma guda 24, wato kwali 4 masu guda 6, amma a kan waɗannan biyun sai an ɗora kuɗin ruwan wanki na shekara da batta aƙalla 4, da kuma wanda zai yage ko ya faɗi ƙasa kafin lokacinsa. Kwalbar ruwan wanki ma tana da nata wa'adin bayan an buɗe ta, galibi wata 3, ko ta ƙare ko ba ta ƙare ba. Yanzu a ɗauki wanda ke sa tabarau a ofis, ba ya sa lantil sai Asabar da Lahadi. Yini 104 ke nan a shekara, guda 208, kwali 7 kacal na yini ɗaya. Idan kuwa ya ɗauki na wata, guda 24 ɗin nan dai zai saya, ya kuma sayi ruwan wanki, ya riƙa jefar da lantil ɗin da bai sa ba sai sau 8 ko 9. Mutum ya karɓi farashin nau'o'in biyu a shago, ya ƙidaya kwanakin da da gaske yake sa lantil a mako, ya yi wannan lissafin da kansa. Sau da yawa wanda ba ya wuce kwana biyu ko uku a mako zai tarar tazarar ba ta kai yadda ya zata ba.

Babu kuma abin da ya hana a haɗa biyu idan likita ya auna duka. Mutum yana iya riƙe na wata daga damina zuwa kaka, lokacin da iska ke da laima, ya koma na yini ɗaya ko ma tabarau zalla daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe gari, leɓe ke tsagewa, lantil kuma ke bushewa a ido kafin la'asar. Yana iya ajiye kwali ɗaya na yini ɗaya don tafiye-tafiye da kwanakin goman ƙarshe na azumi, lokacin da barci ke rikicewa, mutum ya kwanta bayan asuba ba tare da ya shirya ba.

Samuwar kaya

Lantil daga waje ake shigo da shi, kuma ba kowace lamba ce ake ajiyewa a shago ba. Masu lamba ta gama-gari sukan samu nan take, amma mai buƙatar nau'in da ke gyara karkacewar tantani, ko wanda ya haura shekara 40 yana buƙatar mai haɗa ganin nesa da na kusa, sau da yawa sai an yi masa oda ya jira. Wasu lambobin ma ba a yin su a na yini ɗaya, sai a na wata, kuma a nan takardar awo ce ta yi wa mutum zaɓi. Kafin a tsayar da shawara a tambayi mai shago kai tsaye: wannan nau'in kuna da shi koyaushe, ko sai an aiko, kuma kwana nawa yake ɗauka? Mazaunin Tawa, wanda ke da tafiyar fiye da kilomita 500 tsakaninsa da Yamai ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ya fi kowa buƙatar wannan amsar. Gare shi kwali 2 na wata ɗaya, waɗanda za su shiga aljihu su kai shi wata 6, suna iya fin na yini ɗaya amfani idan har na yinin zai riƙa yanke masa. Ƙa'idar ita ce a yi sabuwar oda tun da sauran na wata guda a hannu, domin ranar da aka ɓare ƙunshi na ƙarshe ba tare da wani na tafe ba, ranar ce ake fara ƙara wa wa'adi kwanaki. Kayan da aka tara kuma a ajiye su a ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da taga. Yawancin kwalaben ruwan wanki an rubuta a jikinsu kada zafin wurin ajiya ya wuce digiri 25 ko 30, saboda haka cikin mota da ke tsaye a rana ko ƙarƙashin kujerar babur ba wurinsu ba ne.

Awo da gwaji

Takardar awon tabarau ba ta wadatar wajen sayen lantil. Tabarau yana zaune nesa kaɗan da ido, lantil kuwa a jikinsa, don haka idan lamba ta haura 4 sai an sake lissafinta. Ban da ita akwai wasu lambobi biyu a jikin kwali, BC mai nuna lanƙwasar lantil, wadda a masu laushi takan kasance tsakanin 8.3 da 9.0, da DIA mai nuna faɗinsa, kimanin milimita 14. Kamfanoni biyu suna iya rubuta lambobi iri ɗaya amma zaman lantil ɗinsu a ido ya bambanta, shi ya sa sauya wa'adi, wanda kusan kullum sauya nau'i ne, yake buƙatar a sake dubawa. A Yamai akwai sashen ido a Babban Asibitin Ƙasa da kuma asibitin Lamorde, ban da likitoci masu zaman kansu. A gaya wa likita gaskiya game da ciwon sukari, da juna biyu, da bushewar ido, da duk wani tsohon ciwon ido na ƙuruciya, musamman amosanin ido, domin tabon da yake bari a cikin fatar ido da gashin idon da yake juyarwa ciki suna iya hana sa lantil gaba ɗaya. A nemi na gwaji a sa shi na wasu kwanaki cikin harkokin da aka saba, sannan a koma a duba kafin a sayi na wata 6.

Idon da kansa yana faɗa idan wa'adin ya yi masa tsawo. Wanda ke kan na wata ya lura da makon ƙarshe. Ya cire lantil ɗin a rana ta 22 ko ta 25, ya wanke shi, ya ɗora a kan yatsa ya ɗaga shi wajen hasken taga: sabo yakan yi garau kamar ba komai a kan yatsan, wanda ya gaji kuwa za a ga ya yi dishi-dishi, da ƴan ɗige-ɗige farare da murza ba ta fitarwa, ko ɗan tsagu a gefe. Idan kowane wata makon farko lafiya lau ne, na ƙarshe kuma sai gani ya riƙa yin hazo, ido na ƙaiƙayi, lantil na zamewa sama idan an ƙyafta, to wannan idon na mako biyu ko na yini ɗaya yake buƙata. Wa'adin da ke kwali iyaka ce ta sama, ana iya jefarwa kafin ta, ba a wuce ta. Lantil ɗin da aka sa lokacin da apolo ta kama mutum kuwa, shi da battarsa duk a jefar, ko jiya aka ɓare shi.

Akwai alamomin da ba na sauya wa'adi ba ne, na zuwa asibiti ne a ranar: ja tare da zafi, ƙin haske, raguwar gani, ruwa ko kwantsa mai yawa, ko farin ɗigo a kan baƙin ido. Wata ƙwayar cuta mai suna Sudomonas tana iya cin tantanin ido cikin kwana ɗaya zuwa biyu, don haka jiran a ga yadda gobe za ta yi ba dabara ba ce. A cire lantil nan take, a sa tabarau, waɗanda ya wajaba kowane mai lantil ya kasance yana da su da lambarsa ta yanzu. Kada a rufe idon da bandeji, kada kuma a sayi maganin ɗigawa a hannun masu talla a tire, domin wasu daga cikin waɗannan magunguna suna da sinadarin kotizon, wanda ke kwantar da ja na ɗan lokaci yayin da gyambon ke ƙara faɗi a ƙarƙashi. A tafi wa likita da lantil ɗin da battar da kwalbar ruwan wankin, domin yana iya buƙatar a gwada su a gano ƙwayar da ta shiga, kuma kada a sake sa wani lantil sai shi ya ce idon ya warke.